Ofis a Victoria Island ko rumfar kawu a Mile 12: ina ya kamata ɗalibin akanta ya yi dogon hutunsa?

Ƙanena, ka ce kana aji biyu a sashen akanta na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ka dawo gida Agege dogon hutu na kusan wata biyu, kuma hanya biyu ce a gabanka. Wani aminin mahaifinka ya samo maka gurbin koyon aiki a wani ofishin masu binciken kuɗi a Victoria Island, amma babu albashi, kawunka kuma yana so ka riƙe masa littafin ciniki a rumfarsa ta albasa a kasuwar Mile 12, ya riƙa ba ka na kashewa. Kana son sanin wadda za ta fi yi maka rana idan ka fito neman aiki.

Ma'aunin da zan auna su da shi guda ɗaya ne, wato abin da za ka iya nunawa a gaban masu ɗaukar aiki. Bankuna da manyan kamfanonin Legas, idan sun fitar da sanarwar ɗaukar sababbin masu digiri, sukan nemi sakamako mai daraja ta biyu ta sama, da takardar kammala bautar ƙasa, sau da yawa kuma su sa iyakar shekaru. Wannan iyaka ita ce ta sa hutu ya yi tsada ga ɗalibin jami'ar gwamnati, domin yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ba wanda ya mayar wa kowa da su. Bayan jarrabawar tantancewa sai intabiyu, inda tambayar da ke kayar da yawancin yara ita ce su faɗi wani aiki da suka taɓa yi da hannunsu, da matsalar da suka ci karo da ita, da yadda suka warware ta.

Ofis yana ba da abin da kasuwa ba ta bayarwa. Za ka fito da wasiƙa mai ɗauke da tambarin kamfani da sa hannun wani babba, ka sami sunan da za ka rubuta a takardar CV, ka kuma san mutum ɗaya ko biyu da za su tsaya maka shaida nan gaba. Idan ka dace da ubangida mai son koyarwa, za ka ga yadda ake daidaita littafin kamfani da bayanin asusun banki, da yadda ake fitar da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, da yadda ake cire harajin albashin ma'aikata a tura wa hukumar haraji ta Jihar Legas. Waɗannan abubuwa ne da ka ji sunansu a aji ba ka taɓa ganin fuskarsu ba. Akwai kuma ladabin wurin aiki, wanda ba a koyar da shi a lacca: isa kan lokaci, rubuta saƙon imel da babba zai karanta bai ɓata fuska ba, da sanin lokacin da ake yin shiru a taro.

Sai dai wannan duka ya rataya ne a kan kalmar "idan". Ni da kaina na taɓa yin mako shida a wani ofishi a hutun aji uku, aikina bai wuce tsayawa gaban injin kwafin takardu da sauka ƙasa sayo wa ma'aikata shinkafa ba. Ranar da na nemi a nuna mini fayil ɗin wani abokin hulɗa, sai aka ce sirri ne, ɗan koyo ba ya taɓawa. Na fito da wasiƙa mai kyau ƙwarai, amma da aka tambaye ni a intabiyu abin da na yi a wurin, sai na tsaya ina ta kame-kame. Ga kuma kuɗin mota. Daga Agege, ko da ka hau jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 ka sauka Oyingbo, sai ka sake neman mota ka tsallaka tsibiri, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Ka zauna da biro ka lissafa na kwana arba'in na aiki, ka haɗa da abincin rana, kafin ka amsa wa aminin mahaifin naka, don wani ne a gida zai biya.

Rumfar kawu kuwa mutane sun raina ta, alhali makaranta ce babba ga mai karatun akanta. Tirela za ta taso daga Aliero ko Sakkwato da albasa, ta kwana biyu ko uku a hanya, ta iso da asuba. Kafin a sayar da buhu ɗaya an riga an kashe kuɗin mota, da na masu lodi da sauke, da abin da aka karɓa a shingayen hanya, da kuɗin ƙungiya, ga la'adar dillali tana jira. A damina irin wannan, buhun da ya kwana huɗu a rumfa ba shi ne buhun da aka sauke ba, domin wata ta tsiro, wata ta ruɓe an tsince an zubar. Matan da ke sara su kai Oyingbo ko Mushin da yawansu bashi suke ɗauka, sai sun sayar su kawo. Duk abin da malaminka ke kira tsadar kaya, da asarar haja, da bashin da ake bi, da bashin da ya mutu, yana nan kwance a cikin wani littafi mai shafi sittin da ya sha maiƙo, wanda kawu ke rubutawa rabi da boko rabi da ajami, sauran kuma yana kansa. Na tabbata idan ka tambaye shi ribar da tirelar makon jiya ta bari, zai ce maka an gode Allah, amma ba zai iya faɗa maka adadi ba.

A nan ne kake da aikin da ɗan koyo a Victoria Island ba zai samu ba. Ka buɗe wa kowace mota shafinta a Excel, ko a waya ne, ka shigar da duk abin da aka kashe mata da duk abin da ta kawo. Ka jera masu bashi da ranar da kowa ya ɗauka. Kowane dare ka gwada abin da ke littafi da abin da ya shigo ta POS da tiransifa, domin saƙon shigar kuɗi na bogi ya sha cin 'yan kasuwa. Cikin mako shida za ka iya gaya wa kawu wace mota ce ta faɗi, da wace mai sara ce bashinta ya haura wata. Wanda ya zauna a intabiyu ya ba da wannan labari da alƙaluma, masu tambaya sukan ajiye biro su saurare shi.

Raunin kasuwa biyu ne. Ba ta ba da takarda, don haka idan ba ka adana aikin ba, kamar ba a yi ba. Na biyun ya fi haɗari: kuɗin hannu yana da daɗi, kuma na san yaran da suka shiga Mile 12 hutu, aka koma makaranta suna cewa sai mako mai zuwa, har zangon karatu ya wuce su. Haka kuma idan kawu ɗan aike yake nema, ba mai riƙe littafi ba, to ka koma gidan jiya, sai dai a maimakon injin kwafi za ka tsaya gadin buhuna.

Kada ka dogara da cewa makaranta za ta tura ka horon aiki daga baya. Shirin SIWES na tura ɗalibai horon aiki, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara a 1973, ya fi karkata ga ɗaliban injiniya, kimiyya, noma da fasaha, don haka ka tambayi sashenku ko yana cikin tsarin karatunku. Bautar ƙasa ma ba tabbas, domin masu digirin akanta da yawa aji ake ba su su koyar.

A ganina, tunda aji biyu kake, ka ba kawu wannan hutun bisa sharaɗin littafin yana hannunka kacokan, ka kuma ajiye wani abu daga na kashewar don rajistar jarrabawar ATS, matakin share fage na ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN, wadda ɗalibi ke iya farawa tun yana makaranta. Ofishin kuma kada ka rufe ƙofarsa. Ka je da kanka ka gaida aminin mahaifinka, ka yi masa godiya, ka roƙi a ɗage maka gurbin zuwa hutun aji uku, lokacin da ka fara darasin binciken kuɗi da haraji kuma za ka gane abin da ake yi a gabanka. Abu ɗaya ne zai sa in juya shawarar: idan ya iya faɗa maka sunan wanda za ka zauna ƙarƙashinsa da irin aikin da za a ɗora maka tun makon farko, kuma gida za su iya ɗaukar kuɗin motar ba tare da an taɓa kuɗin rajistarka na komawa Zariya ba, to ka tafi Victoria Island ranakun aiki, Asabar kuma ka sammaka Mile 12 ka rufe wa kawu lissafin mako.