Shagon hatsin da ya riƙe gidana lokacin yajin wata takwas a Angwan Rogo, Jos

Wani abokina ne ya turo min labari a WhatsApp wai a Amurka ana ta kai ƙudiri majalisun jihohi don a riƙa biyan ma'aikata kuɗin tallafin rashin aiki ko da yajin aiki suke, ko kuma kamfani ne ya garƙame musu get. New York da New Jersey suna biya dama, a Kalifoniya kuma majalisa ta amince a 2023 amma gwamna Newsom ya ƙi sa hannu wai bashi ya yi wa asusun tallafin katutu. Wlh dariya na yi, na ce mu namu asusun yana Angwan Rogo, wani littafi ne mai bangon ja a shagon Alhaji mai hatsi, shi ya sa na ce bari yau in faɗi yadda shagon yake.

Wanda ya ga yajin ASUU, ƙungiyarmu ta malaman jami'a, na 2022 ya san abin da nake nufi, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, aka ce ba aiki ba albashi, kuma dokar ce haka, sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago, abin mamaki shi dai sashen ya ce in wanda ya ɗauke ku aiki ne ya kulle ku a waje to dole ya biya ku. Mu da muka fita da ƙafarmu sai dai haƙuri. Wata na uku na je da kunya na ce Alhaji a ba ni masara tiya biyu zuwa wani lokaci, bai ma bari na gama ba ya ce Malam ai ba yau muka fara ba, yaro auna masa. Haka muka yi ta yi, shinkafa, wake, acha, manja, wani lokaci har dankali in an kawo masa daga Bokkos. Ko sau ɗaya bai aiko gida ba.

Kayansa masu kyau ne gaskiya, waken ba ƙwari, shinkafar gida ce amma an tsince ta, uwargida ba ta taɓa ƙorafin tsakuwa ba kuma ita ba ta raga wa kowa.

Amma fa kar ku ce waliyyi ne. Farashin bashi daban na hannu daban, kowane mudu sai ya ɗora wani abu kuma ba zai faɗa maka ba sai ranar lissafi. Sannan yaron shagon in zai rubuta sai ya ɗaga murya, Malam wane shinkafa mudu uku, ga mutane cike har da ɗalibanka a tsaye, ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Wurin ma matsattse ne, in ruwan Jos ya sauko sai ka tattare wando, POS ɗinsu kuma kullum ba netwok.

Taurari huɗu na ba shi cikin biyar, ɗayan yaron nan ne ya cinye. In za ku je ku je bayan azahar kafin cunkoson yamma, ku riƙe tsabar kuɗi, in kuma bashi ne ku tambayi farashi kafin a auna ku ja yaron gefe.