Jirgin Darjeeling: ku nemi mai kwal, kuma ku yanki tikiti da hannunku

Abu ɗaya ne ya kai ni Darjeeling, wani gari a ƙasar Indiya, a hutun nan: ɗan jirgin ƙasan da ke hawan dutse tun 1881. Kakana ya yi aikin reluwe a Zariya zamanin da kan jirgi ke cin kwal, mun taso da labarinsa a kunne, ni kuwa ban taɓa ganin irinsa yana tafiya ba.

Ranar farko raina ya ɓaci ƙwarai. Wani dillali a bakin masaukinmu ya karɓi kuɗin mai kwal, har da dafa ƙirji. Muna isa tasha sai ga kan dizal a gaban taragonmu. Duk wanda ya je ya san tazarar kuɗin mai kwal da na mai dizal ba kaɗan ba ce. Na koma nemansa, ko ƙeyarsa ban gani ba. Shi mai dizal ɗin ba shi da laifi, ya kai mu tashar Ghum ya dawo da mu lafiya, amma da na rufe ido sai in ce janareta ce ke jan mu. Ga hazo ya rufe ko'ina, a Batasia, wani zango a kan hanya, aka nuna mana inda dutsen Kanchenjunga yake, fari fat kawai muka gani.

Washegari na je tagar tasha da kaina. Wallahi tun kafin mu tashi na ji kuɗina ya fita. Kan jirgin ɗan ƙarami ne, shuɗi, ya haura shekara ɗari, yana huci yana ɗigar ruwa. Faɗin layin dogon ƙafa 2 ne kacal, kuma a gefen titin mota yake bi, yana goga kafaɗa da shaguna, har za ka iya miƙa hannu ta taga ka taɓa kayan miyan da aka kasa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum biyu da ke zaune a can goshin kan jirgin, a waje, cikin sanyin nan. Da muka kama hawa mai tsauri, raɓa ta jiƙa ƙarfe, sai ƙafafun suka fara sulɓi suna juyawa a wuri ɗaya. Na leƙa a wata kwana, sai na ga suna ɗibar yashi da hannu suna barbaɗawa a kan dogo. Nan take jirgin ya ciji ƙarfe, numfashinsa ya daidaita, muka ci gaba. Kakana ya sha gaya mana jirgi ba ya hawan tudu sai da yashi, muna ɗauka zancen tsofaffi ne. Hawaye ya zo mini a wurin. Allah ya jiƙansa.

Ghum tana kan tsayin mita 2,258, babu tashar jirgin da ta fi ta bisa a Indiya, an kuma ba mu kusan rabin awa mu zaga gidan tarihinta. Ni a wajen mai zuba kwal na ƙarar da lokacin, ina kallon yadda yake jefa shebur cikin wuta.

Sai dai kada a ce ban faɗa ba: burbushin kwal yana shigowa ta taga, ya faɗa mini a ido sau biyu, farar shaddata kuma har yau ba ta koma daidai ba. Tafiyar ma gajeriya ce, awa biyu zuwa da dawowa, kuma in na haɗa da abin da dillalin nan ya ci sai in ji zafin ya dawo sabo. Mai yara ƙanana ko mai asma ya hau na dizal. Sauran kuwa su sa tufafi masu duhu, su riƙe tabarau, su nemi jirgin safe kafin hazo ya taso.