Ba da shawara ga naƙasassu ko fafutukar haƙƙinsu

Mai ba da shawara yana aiki ne da mutum ɗaiɗai, kamar wanda hatsarin mota ya gurgunta ko wanda ya makance da girmansa, har ya rungumi halin da yake ciki, ya koyi sana'a, ya koma neman abincinsa. Aikin yana buƙatar karatu da haƙuri, amma ana ganin amfaninsa ƙuru-ƙuru.

Ɗan fafutuka kuwa da hukuma yake fama. Dokar hana wariya da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a 2019 ta keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, sai dai aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, kuma a ganina nan aka fi buƙatar masu bibiya.