Ofishin da ya rubuta mini wasiyya a Kano: aikinsu da inda suka gaza

Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari. Ina da mata biyu, 'ya'ya maza da mata, Hajiya mahaifiyata tana raye, kuma akwai jikoki marayu a gabana, 'ya'yan babban ɗana da ya riga ni. Wani barista ne a cikin gari ya rubuta mini wasiyya, yana aiki tare da malamin da ya ƙware a ilimin gado. Tunda abokan kasuwa suna yawan tambayata ko aikin ya ci kuɗinsa, ga abin da na gani.

A zaman farko ba a yi maganar wasiyya ba sam. Takarda ya miƙo mini mai gida huɗu: abin da na mallaka, bashin da ake bina, bashin da nake bi, da amanar mutane da ke hannuna. Ya ce, "Alhaji, je ka cike wannan a natse, sai mu zauna." A ganina wannan takardar ita ce mafi amfanin duk abin da suka yi mini. Wanda ya san Kwari ya san yawancin dilolin da ke jibge a shago ba na mai shagon ba ne, na babban ɗan kasuwa ne da ya bayar sai an sayar a biya. Akwai jarin ƙanena a cikin shagon, babu wanda ya san adadinsa sai ni da shi. Akwai firijin da uwargida ta saya da kuɗin adashinta, akwai ragowar sadakin amarya. Idan ba a rubuce suke ba, ranar rabo duk za a tattara su a ce dukiyar mamaci ce. Shari'a kuwa ta tsara: hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado.

Zaman da malamin ya fi taɓa mini zuciya. Ya lissafa rabon kowa daga ayoyin Suratun Nisa'i: Hajiya sudusi (ɗaya cikin shida), matan biyu su raba tumunin takaba (ɗaya cikin takwas) a tsakaninsu, sauran na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Na tambaye shi jikokina fa. Ya ce muddin ina da ɗa namiji a raye, 'ya'yan marigayin ba su da gado a dukiyata, baffanninsu sun katange su. Ƙofar da aka bari ita ce wasiyya: ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga magaji. Tunda su ba magada ba ne, ta halatta a kansu. Nan na sanya mafi yawan sulusin. Gidaje nawa ne marayu suka tashi hannu rabbana don kakansu bai san wannan ba?

Sun kuma yi mini bayanin kyauta. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da lafiya. Cewa "gidan Kurna na wance ne" a gaban iyali, kai kuma kana ci gaba da karɓar haya, ba zai tsaya ba bayan ranka. Idan filin yana da takardar mallaka ta gwamnati, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya suna. Haka kuma sunan da ka rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusancinka, bai mai da shi mai kuɗin ba. Banki zai nemi takardar kotu kafin ya saki ko kwabo, kuɗin kuma cikin dukiyar gado za su shiga.

Inda raina ya ɓaci shi ne takardar ƙarshe. Da Turancin lauyoyi aka rubuta ta, shafi bayan shafi, alhali Hajiya da matana ba sa karanta shi, kuma su ne abin ya shafa. Na nemi a yi ta da Hausa, sai aka ce wannan kuɗinsa daban, kuma aka daɗe ana yi mini gobe-jibi. Ofishin da ke aiki a tsakiyar Kano bai kamata sai an roƙe shi Hausa ba. Kuɗin ajiye wasiyyar a rajistar babbar kotu ma ba a faɗa mini tun farko ba, sai da aka zo sa hannu. Sannan babu mace ko ɗaya a ofishin. Uwargida tana da gwal da fili a ƙauyensu, ta so ta rubuta nata, amma ta ƙi sakewa a gaban maza uku. Na faɗa wa baristan wannan baki da baki, ya ce zai duba.

Duk da haka, mai shago, mai mata fiye da ɗaya, ko mai riƙon marayu, ina ba shi shawarar ya nemi irin wannan hidima, amma ya tabbata akwai malamin gado a zaman. Ya tafi da takardun filaye da littafin bashi, ya zaɓi shaidu biyu adilai da ba magadansa ba, ya sa a rubuta masa jimillar kuɗin aikin tun ranar farko, har da na Hausa da na gyara idan an yi haihuwa ko an sayi sabon fili.