Furosesa mai tsada da zafin Nima: yadda za ka gwada kafin ka biya

Ƙanen matata yana da ɗan shago a Nima, wata unguwa a Akra, inda yake haɗa bidiyon biki da na suna da na Maulidi. Shekara biyu yana tara kuɗin sabuwar kwamfuta, don tsohuwar, idan ya ba ta bidiyon 4K na awa ɗaya ta fitar, sai ya je ya ci wake da shinkafa, ya yi azahar, ya dawo ya tarar tana nan tana nishi. Wata rana ya shigo da waya a hannu yana murna: "Yaya, ga wanda zan saya, i9-14900K. Dubi makinsa, kusan 40,000!" i9-14900K furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Makin kuma na Cinebench R23 ne, wata manhajar gwada ƙarfin furosesa, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Na ce, "To, a wane ɗaki aka samu wannan makin?" Ya yi shiru.

Masu gwajin da muke kallo a YouTube yawanci suna Amurka ne ko Turai, cikin ɗaki mai sanyi, da na'urar sanyaya furosesa wadda kuɗinta kaɗai zai sayi waya. Mu kuwa a Akra, daga Fabrairu zuwa Afrilu, zafin rana yana wuce digiri 30, ƙarƙashin rufin kwano kuma abin ya fi haka. Duk digirin da ya ƙaru a ɗaki, kusan shi ne yake ƙaruwa a jikin furosesa. Shi kuma yana da iyakar da ba ya tsallakewa: 14900K idan ya kai digiri 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, Ryzen 9 7950X da 9950X kuma tasu iyakar 95 ce. Wannan 6.0 GHz da aka rubuta a kwali, gudu ne na ɗan lokaci a kan cibiya ɗaya ko biyu (cibiyoyi su ne sassan furosesa da suke raba aiki tsakaninsu), idan akwai sanyi. Ba shi za ka gani ba bayan rabin awa kana fitar da bidiyon amarya.

Saboda haka sai ka san abin da kowane ma'auni yake aunawa. Cinebench, na kamfanin Maxon, hoto yake ba furosesa ya zana, ya ɗora wa dukkan cibiyoyinsa kaya a lokaci guda. Abin da nake so da R23 shi ne yana maimaita aikin har minti 10, kuma akwai zaɓin minti 30. Can ne asiri yake tonuwa. Geekbench 6 kuwa gajerun ayyuka yake bayarwa, kafin inji ya yi gumi an gama, shi ya sa kwamfuta mai raunin fanka ma takan fito da maki mai kyau a cikinsa. Yana da amfani wajen sanin saurin buɗe manhaja, amma ba zan sayi injin aiki a kan shaidarsa ba. Sai kuma ka kula: Cinebench 2024 sikelinsa daban ne, babban furosesa yakan samu 2,000 da ɗoriya ne kawai. Na taɓa ganin mai saye ya kwatanta makin R23 na wani inji da makin 2024 na wani, ya ɗauka na farkon ya ninka na biyu sau goma sha wani abu.

Kowane gwaji maki biyu yake bayarwa, na cibiya ɗaya da na dukkan cibiyoyi. Wanda sana'arsa zanen fosta ce da katin gayyata a Photoshop ko CorelDRAW, makin cibiya ɗaya ya fi shafarsa, kuma a nan manyan furosesa duka kusan kunnen doki suke. Kada ya ɓata kuɗinsa a kan cibiyoyi 24. Mai fitar da bidiyo da mai zanen gini na 3D su ne za su dubi maki na biyu. Idan Premiere Pro ko DaVinci Resolve kake amfani da shi, nemi sakamakon PugetBench, domin a cikin manhajar kanta ake yin gwajin, ba a gefe ba.

Yanzu ga waɗanda ake zaɓa a tsakaninsu.

Core i9-14900K ya fito a Oktoban 2023, cibiyoyi 24, takwas manya da 16 ƙanana, yana jan wuta har wat 253. Ƙarfi kam akwai. Yana da wata fa'ida da masu bidiyo suke ƙauna, wato Quick Sync, wanda yake sa hoton kyamara mai nauyi ya riƙa tafiya sumul lokacin yanka. Wanda sunansa ya ƙare da KF ba shi da wannan, to a lura. Sai dai akwai magana a kansa. A 2024 Intel ta amince cewa wasu furosesa na zubi na 13 da na 14, zubin da 14900K yake ciki, suna neman wutar da ta wuce kima, abin da yake lalata su a hankali har kwamfuta ta riƙa tsayawa ba dalili. Ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, wato manhajar da take tayar da kwamfuta, ta kuma ƙara garanti da shekara biyu. Gyaran yana hana ɓarna ta ci gaba, amma wanda ya riga ya lalace ya lalace. Ka ga ke nan, homyus ɗin i9, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje, da ya iso ba rasit, ba ka san wahalar da ya sha a hannun mai shi na farko ba, caca ce. Sabo a kwali, da BIOS na zamani, wannan wata magana ce daban.

Core Ultra 9 285K, na Oktoban 2024, shi ma cibiyoyi 24 ne, ya fi yayansa sanyi a yawancin ayyuka, yana da kyau ga bidiyo, amma sai ka sayi sabon madabod, wato allon da ake ɗora furosesa a kai, mai soket (mazaunin furosesa) LGA1851 da RAM na DDR5. A wasanni bai burge kowa ba.

Ryzen 9 9950X ya fito a Agustan 2024, cibiyoyi 16 duka manya, an rubuta masa wat 170. A Cinebench kafaɗa da kafaɗa yake da waɗancan, da wutar da ba ta kai tasu ba. Ga wanda yake loda mitar kati da kuɗin aljihunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yana kuma da wani saiti a BIOS da ake kira Eco, ka dawo da shi wat 105, ka rasa ɗan gudu kaɗan, zafi ya sauka sosai. A ganina wannan saitin kamar don mu aka yi shi. Soket ɗinsa AM5 ne, wanda AMD ta yi alkawarin ci gaba da shi har 2027 ko fiye, wato nan gaba furosesa kaɗai za ka canza, ba duka kayan ciki ba. Yayansa 7950X na 2022 har yanzu doki ne, idan ka same shi da rahusa kada ka raina.

Masu gidan wasan kwamfuta, irin waɗanda yara suke cikawa bayan la'asar, su bar waɗannan duka su dubi Ryzen 7 7800X3D ko 9800X3D. Cibiyoyi takwas ne kacal, makinsu a Cinebench ba abin nunawa ba ne, amma ma'ajiyar gaggawa ta MB 96 da ke jikinsu tana sa su wuce manyan a yawancin wasanni. Shi kuwa Threadripper 7980X mai cibiyoyi 64 da wat 350, ka kalle shi ka yi masa fatan alheri. Madabod ɗinsa da RAM ɗinsa duk na musamman ne, na kamfanonin fim ne da injiniyoyi.

Ranar da muka je Sakul, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Akra, na cusa wa yaron abubuwa huɗu a filas: CPU-Z mai nuna ainihin furosesan da ke ciki, HWiNFO64 mai nuna zafi da gudu, Cinebench R23, da bidiyon minti biyar daga kyamararsa. A wani shago aka nuna mana injin da aka riga aka haɗa, i9 a ciki, fitilu ja da shuɗi suna walƙiya ta gilashi. Mai shagon ya ce, "Maigida, sabo ne fil, me za a gwada kuma?" Na ce ai sabuwar mota ma ana zagayawa da ita. CPU-Z ya tabbatar furosesan shi ne, ba wani aka sauya wa murfi ba. Na buɗe HWiNFO64 a gefe, na saki Cinebench. Ba a yi minti biyu ba lambar zafi ta koma ja, 100, ta kafe a nan, gudun yana sauka muna kallo, fanka tana ihu kamar injin niƙa. Da muka leƙa ciki, wata 'yar na'urar sanyaya ce mai fanka ɗaya aka ɗora masa, duk kuɗin ya tafi a fitilu. Kuma fa shagon da iyakwandishan.

Wannan ya kawo ni ga lissafin da mutane suke mantawa. Kuɗin furosesa ba shi ne duka kuɗin ba. Sai ka haɗa da na'urar sanyaya ta gaske, ko ta ruwa mai fanka uku ko babbar ta iska mai hasumiya biyu. Ni na fi natsuwa da ta iska, don fanka idan ta mutu ana samun wata a ko'ina, famfon ruwa kuwa idan ya tsaya sai dai a sayi sabo. Sai akwatin da iska take ratsawa ta gaba, ba wanda aka toshe da gilashi ba. Sai UPS, batirin da yake riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, tunda dumso, wato ɗauke wuta, ba ya sallama, kuma ka duba wat ɗin da yake iya ɗauka, ba lambar VA da aka buga da manyan baƙaƙe ba. Idan kuɗi bai kai duka ba, gara ka sauko mataki ɗaya, ka ɗauki Ryzen 9 9900X mai cibiyoyi 12 ko Core Ultra 7 265K, ka saya masa sanyi mai kyau. Kuma ka roƙi mai shago ya rubuta maka a rasit cewa kana da kwana biyu ko uku ka gwada a ɗakinka. Wanda ya ƙi yarda da gwajin minti 30, ka yi masa godiya ka wuce gaba.

Yaron dai 9950X ya ɗauka, muka haɗa da hannunmu a shagonsa. Mun gwada da ƙarfe biyu na rana, ƙofa a buɗe, fankar sama tana juyawa, muka rubuta makin da zafin a takarda muka manna a jikin akwatin, don duk ranar da injin ya fara nauyi a samu abin kwatantawa. Da hunturu ya shigo ya kira ni wai maki ya ragu. Ƙura ce ta toshe ragar gaba kamar an shafa mata siminti. Yanzu duk Juma'a idan ya dawo masallaci sai ya zare ragar ya wanke, ya shanya a kan benci.