Tagar alminiyam ko ta ƙarfe, wacce za a sa?

Tun da na canza tagogin gidana a Kano, masu gyaran tsofaffin gidaje ke ta tambayata wacce ta fi. Katako kam na cire shi a lissafi, gara ta gama da shi.

A kuɗi, kada farashin farko ya ruɗe ka. Tagar ƙarfe mai walda yake haɗa ta har da sandunan kariya a jikinta. Ta alminiyam kuwa ba ta tare ɓarawo, dole ka sake biyan kuɗin bogilari, wato sandunan kariya, daban.

Wajen ƙarko alminiyam ya yi gaba, domin ba ya tsatsa kuma ba ya neman fenti. Ƙarfe in bai sha jan fenti tun farko ba, damina kaɗan sai gindinsa ya fara ruɓewa, yana zubo da jan ruwa a bango. Amma alminiyam ma yana da nasa ciwon: ƙurar hunturu tana cika layin da gilashin ke bi, tayoyin su cije, a yi ta kokawa da taga. Sannan tagar alminiyam mai zamewa rabi kawai take buɗewa, abin da ba ka ganewa sai zafin Afrilu ya zo an ɗauke wuta. Ta ƙarfe wangale ta ake yi.

Mai gidan sama ko gida cikin katanga, wanda ba ya son hidimar fenti, alminiyam ya dace da shi. Wanda tagarsa ke kallon titi ko lungu, ya nemi mai walda.