Gari mai laushi da mai tsaki, wanne ya fi a inji?

Hajiya na ga tambayar da kinka aiko gurup jiya, wai yajinki in anka niƙa shi lilis sai ya ƙi sauka a mazurarin injin ɗaurin leda, in kuma kinka bar shi da tsaki-tsaki sai dunƙulen da kike dannawa ya riƙa marmashewa, to wanne za ki riƙe. Gaskiya kowane da inda yake cin kasuwarsa.

Wajen zuba mai tsaki ne sarki, ba ma gardama. Ƙwayarsa tana da nauyi, nauyin ke janyo ta ƙasa. Amma da zarar ƙwaya ta yi ƙasa da maikiron 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, to ƙarfin manne wa juna da ke tsakanin ƙwayoyin ya fara rinjayar nauyinsu, sai su kama juna su yi gada a bakin mazurari, sama cike ƙasa wayam, ko kuma rami ya buɗe ta tsakiya gefe ya tsaya cak. Ki dubi busasshen yashin gulbin Rima da simintin Kalambaina, yashi zuba yake shaa daga shebur, siminti kuwa sai an bubbuga buhu. Damina ta zo laima ta ƙara manne su, lokacin hunturu kuma iskan Sakkwato ya bushe ƙayau sai garin ya riƙa liƙe wa leda da jikin roba.

Wajen dannawa kuma labari ya juya. Mai laushi ya fi kama jiki don wuraren da ƙwaya ke taɓa ƙwaya sun fi yawa, kuma ƙananan suna shiga su cike gurbin da manya sunka bari, shi ya sa dunƙulen ke fitowa da ƙarfi. Mai tsaki zalla duk ramuka ne a ciki, kina matsa shi da yatsa ya watse. Sai dai fa laushin ma in ya yi yawa yana riƙe iska, inji ya danna da sauri iskan bai samu hanyar fita ba, yana saki sai ki ga saman dunƙulen ya ɓalle. Kuma tunda ba ya zuba daidai cikin ramin injin, wani dunƙule ya yi nauyi wani ya yi sakayau, kwastoma kuwa ba ya yafe wannan.

Ni dai a ganina kar ki zaɓi ɗaya. Ki tankaɗe, mai tsaki ya zama shi ne mafi yawa, ki riƙa ƙara mai laushin kaɗan-kaɗan har dunƙule ya daina karyewa, ki tsaya nan. Masu yin ƙwayar magani ma dabararsu ke nan, su jiƙa garin kaɗan ya dunƙule ya zama ƙananan tsaki, su busar, sannan su danna. Wani abin mamaki, garin silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, mai matuƙar laushi, in anka barbaɗa ɗan kaɗan, ƙasa da kashi 2 cikin 100, shi kuma gyara zuba yake, don yana lulluɓe manyan ƙwayoyin ya hana su mannewa.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki zuba garin a kofi mai layin awo ba tare da dannawa ba, ki duba inda ya kai, sai ki ta bubbuga gindin kofin a tebur har ya daina sauka. Sai ki yi lissafin rabawa, awon farko bisa na biyu. In amsar ta wuce 1.25, wannan shi ake ce wa lissafin Hausner, wannan garin zai ba injinki wahala. Kuma in anka ɗauko haɗin a Keke Napep ki sake gauraya shi kafin ki zuba, girgizar hanya tana tura mai laushin can gindin buhu.